Katakon Roba a Gidan Kafinta

Idan ka shigo ƙauyenmu ta gadar kogin Iza ka ce gidan Gavrila kafinta kake nema, ba mai ɓata bakinsa wajen dogon kwatance. Za a ce maka ka bi titi, duk ƙofar gidan da ka gani mai sassaƙa har ka tsaya kallo, to, shi ya yi ta, amma ba tasa ba ce. Tasa ita ce ta can ƙarshe, wadda har yau bai gama ba. Shekara hamsin da 'yan kai mutumin nan ya yi yana gyara gidajen jama'a, nasa kuwa kullum sai ka ji ya ce, "Bari dai katakon ya bushe."

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yatsunsa tara da rabi, don zarto ya cinye rabin ɗaya tun yana saurayi. A wajen ubansa ya koyi aiki, kuma duk abin da tsohon ya faɗa masa bai taɓa sauya ko wasali ba. Ana sare itace a tsakiyar hunturu, lokacin da wata ke raguwa. A jera shi a rumfa, a manta da shi shekara uku, huɗu, har sai ka ƙwanƙwasa ya amsa maka da murya mai tsabta. Sai kuma babbar doka, wadda Gavrila ke maimaita wa duk wanda ya tsaya kusa da shi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba: katako ta gefe yake numfashi. In ya sha ruwa, a faɗi yake kumbura, ba a tsawo ba. Saboda haka kafintan kirki yana barin 'yar tazara tsakanin gefen falanki da gefen falanki, amma inda kai ya haɗu da kai, nan ake matsewa ƙam. Wanda ya bar rami a wannan wurin, in ji Gavrila, gara ya je ya yi kiwon tumaki.

A zamanin tsohuwar gwamnati an tura shi masana'antar kayan ɗaki a garin Sighet, ya yi shekara goma sha ɗaya yana haɗa kabad da allon dusar katako wadda aka kwaɓa da gam. Wayyo, ya tsani shekarun nan! Ko sunan allon ba ya iya faɗa, "abincin akuya" yake kiransa. Ranar da masana'antar ta rufe kowa na kuka, shi kuwa ya dawo gida yana fito.

Matarsa Dochia 'yar makiyaya ce daga kan tudu. Ta fi shi tsawo da tafin hannu guda, ta kuma fi shi baki nesa ba kusa ba. Shekarar da aka ɗaura musu aure ya yi mata baranda a gaban gida da itacen stejar, mai taurin tsiya, ya kafa mata ginshiƙai shida da ya sassaƙa da hannunsa. Tun daga lokacin, in ka cire barci da coci, a barandar nan Dochia ta yi rayuwarta. Nan take kaɗa ulu, nan take ɓare wake, nan take tare masu wucewa ta tambaye su ina za su, me za su yi, kuma wa ya aike su. Nan 'yarsu tilo, Rodica, ta koyi tafiya. Nan kuma Dochia ta zauna ta yi kuka kwana uku, ranar da Rodica ta hau mota zuwa Torino aikin jinyar tsofaffin Italiya, kamar yadda rabin 'yan matan kwarin nan suka yi.

To, stejar ma yana tsufa. Akwai falanki ɗaya a bakin matakala, inda ruwan rufi ke ɗiga, wanda ya yi baƙi ya yi laushi, in an yi raɓa sai ya riƙa santsi. Shekara biyu Dochia na magana a kai.

"Tsoho, wannan falankin sai ya kashe ni hankalinka zai kwanta?"

"Na yanko madadinsa, yana rumfa."

"To a sa mana!"

"Bai bushe ba. So kike in sa ɗanyen katako a ƙofar gidana, mutane su yi mini dariya?"

"Ai gara su yi maka dariya da su zo maka gaisuwa."

Wata safiya a watan Nuwamba ta fito da kwanon abincin kaji, sanyi ya daskarar da raɓa a kan falankin, ƙafarta ta tafi. Gavrila yana bayan gida ya ji ƙarar kwano, sannan ya ji ta kira sunansa, ainihin sunansa, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Ƙashin ƙugunta ya karye wuri biyu.

An yi mata aiki a Sighet, aikin bai kama da kyau ba, aka sake. Daga nan aka mai da ita gidan jinya, likita ya ce tafiya da ƙafa dai sai wani ikon Allah, amma a kujera mai taya za ta iya zaman gida, in gidan ya dace da ita. Rodica ta zo hutun Kirsimeti, ta tsaya a tsakar gida da jakarta a hannu tana kallon falankin nan. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi wa uban sauƙi.

Da suka zauna cin tuwon masara da cuku ta ce, "Baba, ka ji abin da na yanke. Zan dawo a watan Agusta. In na tarar an cire katakon nan duka, an sa wanda ba ya santsi, ba ya ruɓewa, an yi gangara a madadin matakala, to, Mama za ta dawo ɗakinta. In ban tarar ba, da ita zan koma Torino."

"Ai akwai stejar a rumfa, zuwa bazara..."

"Ban ce stejar ba. Akwai wani sabon katako da ake sa wa baranda yanzu, garin itace ne da roba aka haɗa. Gidan da nake aiki shi ne a ƙasa, shekara tara ko fenti ba a taɓa shafa masa ba."

Ya ajiye cokali. "Roba? A gidana? Ke Rodica, ni kike so in shimfiɗa bokiti a ƙofar ɗaki?"

"Ka zaɓa, Baba. Ko bokitin, ko matarka."

Kashegari ya je gidan jinya da niyyar kai ƙarar yarinyar wajen uwarta. Ya tarar da Dochia ta rame, gashinta a kwance ba ɗankwali, tana kallon taga. Kafin ya buɗe baki ta riƙe masa hannun riga.

"Tsoho, ka sa duk abin da ta ce. Ko fatar jaki ce ka sa. Ni dai ka kai ni gida. Kada ka bari a kai ni inda ba wanda ya san sunan ubana."

Ya fasa kai ƙarar. A motar dawowa ya juya fuska wajen gilashi don kada mutane su ga idonsa.

A watan Fabrairu ya sa hularsa ta zuwa coci, ya ɗauki maƙwabcinsa Nistor, suka tafi wani babban kantin kayan gini a bayan gari. Nistor tsohon direban motar katako ne, abokinsa tun suna yara, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya ga Gavrila cikin kunya. Tun a hanya ya fara.

"Yau ranar tarihi ce. Da na sani da na zo da mai hoto."

"Rufe mana baki."

"In ka gama da baranda, sai mu saya maka guduma ta roba, kada ka ji ciwo."

Wadda ta tarbe su wata mace ce mai kimanin shekara hamsin, Viorica, da gilashin ido rataye a wuya. Ta baje musu guntayen samfuri a kan tebur. Ga mai rami a ciki, ba nauyi, ga cikakke mai nauyi. Ga mai santsin fuska, ga mai zane-zanen layi don riƙe ƙafa. Launi kuwa har shida, daga ruwan toka zuwa ruwan zuma zuwa wani mai duhu kamar gasasshen kofi. Gavrila ya ɗauki ɗaya ya shinshina. Ya ƙwanƙwasa da ƙashin yatsa ya kara a kunne. Ya zaro wuƙarsa ya kankare gefe, sannan ya sa a baki ya ciza.

"Bade, ba a ci fa," in ji Viorica. Bade shi ne yadda ake kiran babba a wajenmu don girmamawa.

"Bar shi, 'yar'uwa," in ji Nistor, "bai karya ba ya fito."

Mai ramin dai Gavrila ya ture shi gefe, ya ce ba zai ɗora matarsa a kan iska ba. Ya zuba ruwan gora a kan sauran, ya goga tafin takalminsa a kai ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi cikakke mai layi. Nan kam ya yi daidai, har Viorica ta ce da kowa haka yake zaɓe da ta huta. Launi ne ya ce ba nasa ba ne, na mai baranda ne. Ya kwashi guntaye shida a aljihu ya kai wa Dochia.

Ta jera su a kan bargo tana juyawa. Ruwan toka ta ce ya yi kama da asibiti. Ruwan zuma ta ce na masu sabon kuɗi ne. Ta ɗora yatsa a kan mai duhun nan.

"Wannan. Ya yi kama da namu na da. In na zauna ba zan ji kamar baƙuwa ba."

Ranar da ya koma biyan kaya, Viorica ta cire gilashi daga wuya ta sa, alamar maganar gaske za ta yi.

"Bade Gavrila, ka saurare ni. Mai duhun nan yana shan rana sosai. Kuma wannan ba itace ba ne, kada kamanninsa ya ruɗe ka. Ruwa bai dame shi ba, zafi ne ke motsa shi, kuma a tsawo yake miƙewa. Dole ka bar tazara a kan kowane falanki, da inda ya tunkari bango. Kada ka huda shi ka ɗaure, ga 'yan maƙalai nan da ke riƙe shi ta gefe, su bar shi ya yi motsinsa. Ko in turo maka masu haɗawa? Kwana biyu sun gama."

Kai! Da ma marinsa ta yi. Wuyan Gavrila ya yi ja har kunne.

"'Yata, ina haɗa katako tun uwarki na goyonki. Ni za a turo wa masu haɗawa?"

"Ban raina ka ba, Bade. Ga takarda dai, duk an zana a ciki."

Ya karɓa ya ninke ya tura a aljihu. A waje ya ce wa Nistor, "Ka ji ta? Wai a tsawo! Tun da aka halicci duniya ka taɓa ganin falanki ya ƙara tsawo?" Takardar kuwa, a cikinta ya naɗe 'ya'yan kabewar da zai shuka.

A farkon Maris ya fara, sanyi na cizon yatsu, ƙanƙara ba ta gama narkewa a inuwar rumfa ba. Shi kaɗai ya ɓamɓare tsohuwar barandar. Kowane falanki da ya ɗaga sai ya tsaya ya dube shi, don ya san daga wane itace ya fito, a wane tudu, kuma wa ya taya shi jawo shi. Bai ƙona ko ɗaya ba, ya jera su a rumfa. Sannan ya shimfiɗa sabon, kuma in ana maganar gaskiya, a ido ba a taɓa yin aiki mai kyau irinsa a kwarin nan ba. Ya bar tazara a gefe daidai wa daida. Kawunan kuwa ya yanke su da zarton hannu, ya goge, ya matse kai da kai har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ya tokare layin farko da bangon dutse, na ƙarshe da gindin ginshiƙi. 'Yan maƙalan Viorica ya ce kayan wasan yara ne, ya huda kowane falanki ya ɗaure shi da ƙusoshi masu zare. Ya yi gangara mai sauƙi daga tsakar gida, ya gwada ta da baro cike da duwatsu.

Mutane suka yi ta zuwa kallo bayan coci. Har fadan cocin ya zo ya yayyafa ruwan albarka. Nistor ya yi tsalle a kai da ƙatuwar jikinsa ya ce, "Allah wadaran naka, tsoho, ko da roba ma ka fi kowa!" Gavrila bai yi dariya ba, amma daɗi ya kama shi. Duk Lahadi yakan je ya ba Dochia labari, ita kuma tana ƙirga makonni a kan yatsu.

Yuli ya zo da zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Wata rana da azahar Gavrila ya dawo daga yankan ciyawa, ya taka baranda, ya yi tuntuɓe. Ya duba ƙasa. Inda kai ya haɗu da kai, falankai biyu sun tokari juna sun ɗago sama kamar bayan kyanwa mai fushi. Ba wuri ɗaya ba, wuri biyar. Ya taɓa da hannu, zafi ya sa ya janye. Ya shiga ɗaki ya zauna. Da la'asar ta yi sanyi ya leƙo, falankan sun kwanta. Da safe kuwa sumul, kamar ba abin da ya faru.

Kwana biyu yana gaya wa kansa idonsa ne. A rana ta uku Nistor ya kama shi da tsakar rana yana kwara wa baranda ruwan rijiya.

"Me nake gani? Shuka ka yi, kake ban ruwa?"

"Wanki nake."

Nistor ya zo ya duba, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Gavrila, wannan ai abin da matar nan ta faɗa ne. Ka kira ta."

"In ce mata me? In ce mata ni Gavrila ban iya haɗa kai da kai ba?"

"Ka ce mata duk abin da ka ga dama. Saura wata guda yarinyar nan ta zo."

Bai kira ba. Haba Gavrila! Wata guda cur yana hannunsa, da waya a jikin bango, da motar gari da ke wucewa ta ƙofarsa sau biyu a rana. Maimakon haka ya yi abin da kafinta ke yi wa katakon da ya kangare: ya ƙara ƙusa. Duk inda ya ɗago ya danne da gwiwa ya ɗaure. Abin ya lafa kwana huɗu, sannan ya ɓullo ta wani wurin, falanki biyu kuma suka tsage a bakin ƙusa. Ya shimfiɗa tsofaffin barguna a kan wuraren, wai don rana. Ya sa a ransa ranar da Rodica za ta zo zai san yadda zai yi ta duba da safe ko da yamma.

Rodica ba ta faɗi rana ba. Ta sauka a Sighet, ta wuce gidan jinya kai tsaye, ta ɗauko uwarta a motar haya don ta yi wa uban ba-zata. Ƙarfe ɗaya na rana suka tsaya a ƙofar gida, har kare ya shige ƙarƙashin rumfa don zafi.

Gavrila ya fito da gudu, ba hula. Dochia na zaune a kujerarta a tsakar gida, ta ɗaura ɗankwalinta mai furanni, tana kallon gidan tana hawaye tana dariya a lokaci guda.

"Kai, tsoho, ka bar kajina sun rame! Wa ya ce ka shanya barguna a nan? Kwashe su in ga abin da na zaɓa."

"A bari rana ta yi sanyi tukuna. Mu shiga ta baya, akwai inuwa..."

"Ta baya? Wata tara ina jira in shiga gidana ta hanyar akuya? Rodica, tura ni."

Rodica ta janye barguna da ƙafa ba tare da ta duba ba, ta turo kujerar ta hau gangara sumul. Taku uku a kan baranda, ƙaramar tayar gaba ta daki kan falankin da ya ɗago. Kujera ta tsaya cak, Dochia ba ta tsaya ba. Ta tafi gaba gaba ɗaya. Allah ya sa Rodica ta saba da irin wannan a wajen aiki, ta cafke ta ta ƙirji, suka zube a gwiwa su biyu, fuskar tsohuwa saura kaɗan ta daki ginshiƙi.

"Ba komai!" in ji Dochia, tana haki. "Ba abin da ya same ni. Ni ce na motsa. Rodica, ni ce na motsa, kin ji?"

Rodica ta mai da ita kujera, ta shigar da ita ɗaki, ta kwantar. Sannan ta fito ta bi barandar daga wannan kai zuwa wancan, tana duban tuddai, da tsagu, da ƙusoshin da suka yi yawa.

"Tun yaushe?"

"Zafi ne kawai, da yamma yana..."

"Baba, tun yaushe?"

"Wata guda."

"Masu kantin ba su gaya maka yadda ake sa shi ba?"

Gavrila ya tsura wa barguna ido. Nistor, da ya shigo jin hayaniya, ya sunkuyar da kai ya koma.

Kashegari da sassafe Gavrila ya hau motar gari, ya je ya tsaya gaban Viorica da hula a hannu. Ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, mutuniyar kirki. Ta ce ya kwance duka, ya rage faɗin ƙaramin yatsa daga kowane kai, ya sa maƙalai, ya sauya waɗanda suka tsage. Shi ke nan. Faɗin ƙaramin yatsa. Kwana uku ya yi a durƙushe, yana yanke kawunan da ya goge da hannunsa, yana barin ramin da ya yi shekara hamsin yana zagin masu barinsa. A rana ta huɗu ya jira har rana ta take tsaka, ya kira Rodica, ya tura kujerar ba kowa a ciki daga bango zuwa ginshiƙi, sau uku. Ko gargada babu.

"Ya yi kyau, Baba."

"To, kin gani."

"Na gani. Ranar Asabar za mu tafi."

Ya riƙe ginshiƙi. "Rodica, ai na gyara."

"Ka gyara bayan ta faɗi. Wancan ma shekara biyu tana faɗa maka. Wannan an faɗa maka, an ba ka takarda, ka gani da idonka, ka rufe da bargo." Ta matso kusa da shi. "Gobe likita zai ce a ba ta magani kaza, kai kuma ka ce ubanka bai koya maka haka ba. Ina can, kwana biyu a mota tsakanina da ku. Uwa ɗaya gare ni, Baba."

Ba ƙarya a cikin maganarta ko ɗaya.

Dochia ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta ce sai dai a ɗaure ta. Amma mai kujera mai taya inda aka tura shi nan yake zuwa. Kwanakin da suka rage a barandar ta yi su, daga fitowar rana har faɗuwarta, tana tare masu wucewa kamar da. Ranar Asabar aka ɗaga ta aka sa a ƙaramar bas ɗin da ke jigilar mutanenmu zuwa Italiya. Ta sauke gilashi.

"Tsoho, waken nan ka cire shi kafin ruwa. Farar kazar nan tana ɓoye ƙwai a bayan rumfa. Kuma ka riƙa sauya riga, ba wai sai Lahadi ba."

"To."

"Zuwa bikin Ista zan dawo. Rodica ta ce in na yi ƙarfi."

"To."

"Ka daina ce mini to! Ka dube ni."

Ya dube ta. Dukansu biyu sun san ba Istar da za ta dawo, amma ba wanda ya ƙaryata ɗan'uwansa. Direba ya ja mota.

A watan Fabrairu ciwon huhu ya ɗauke Dochia a Torino. Rodica ta ce a can za a binne ta, don ta riƙa ziyartarta duk mako. Mutanen ƙauye sun zaci Gavrila zai tada ƙura, ya ce sai an kawo masa matarsa maƙabartar kan tudu, kusa da iyayenta. Bai yi ba. Tun ranar nan ta Agusta ya daina gardama da kowa a kan komai, har Nistor ya ce zama da shi ya daina daɗi. Ya sa baƙar rigarsa, ya hau bas ɗin nan, karo na farko da ya ƙetare iyakar ƙasa yana da shekara saba'in da shida.

A can ba a haƙa mata rami ba. Wani dogon bango ne mai ɗakuna-ɗakuna, ana tura akwati ciki a rufe da allon dutse. Nata ya faɗo a layi na huɗu daga ƙasa, inda hannu ba ya kaiwa. Hagu da dama, sama da ƙasa, duk sunayen Italiyawa ne. Da fada ya gama addu'a mutane suka watse, Gavrila ya jawo tsanin ƙarfe mai taya da aka ajiye wa masu kawo furanni, ya hau a hankali, Rodica na riƙe masa ƙafafun tsanin. Ya ɗora tafin hannunsa a kan dutsen.

"Tsohuwa, laifina ne," ya ce. "An faɗa mini, na ƙi ji. Ki yafe mini."

Sanyi ya fara sauka, mai gadi na kaɗa mabuɗai daga nesa.

"Baba, sauko haka nan. Za a rufe ƙofa."

"Bari in ɗan ƙara jimawa," in ji shi, bai juyo ba. "Ba ta san kowa a nan ba."